'Yan Dako

Hyeran ta ajiye min yaro da jaka da gargaɗi:
"Inna, an ce wasan nan yaƙi ne zalla,
shi ko shekararsa tara.
Ki duba min. In bai dace ba,
in zare waya daga bango, kowa ya huta."
Ta bi jirgin ƙasa zuwa aikin dare a asibiti.

Ni da idona ya ƙare a ƙayar kifi,
shekara arba'in ina feɗewa a kasuwar Jagalci,
yau ni ce alƙali.

Na jawo kujera. Taegyom bai waiga ba.
Yatsunsa na zuba a kan madannai
kamar ruwan sama kan kwanon rufinmu na Yongdo.
Hagu na gina rumbu, dama na tara mayaƙa,
baki na lissafi: itace ɗari, zinariya hamsin,
in na sayi doki, ganuwa ta sha ruwa.
Na ce a raina, ashe kasuwa ce.
Ni ma haka na yi: in na sayi ƙanƙara, babu kuɗin mota.

Sai na hangi wasu ƙanana a gefen allo,
ba takobi, ba garkuwa,
kaya a gadon baya, su je, su dawo, su je.
Na ce, "Waɗancan fa?"
Ya ce, "'Yan dako ne, Kaka, araha gare su.
In abokan gaba sun zo, su ake fara kashewa.
Sai ka danna nan, wasu su fito."

Miya ta tafasa ta zube a kan murhu.
Ban tashi ba.

Ina da shekara bakwai aka shigo ƙauyenmu,
aka ɗora wa babana akwatin harsashi
a kan katakon da yake dakon itace,
aka nuna masa dutse, aka ce hau.
Ba bindiga, ba kaki, ba lamba a ƙirji.
Ya hau, ya sauko, ya hau.
Takalminsa na roba, wari guda, aka kawo mana.
Wani mai taswira a cikin tanti ya ɗaga yatsa,
wasu suka fito.

Ban faɗa wa yaro wannan ba.
Na dai nuna da haɓa: "Wancan na gindin bishiya,
sunansa Cilbok."
Ya yi dariya. "Ai ba su da suna."
Na ce, "Yanzu yana da shi."

Can sai ƙaho. Jajayen mahaya suka ɓullo ta kwari.
Hannun da bai taɓa tsayawa ba ya tsaya,
daidai numfashi guda,
ya janyo dawakinsa daga bakin daga
ya kewaye mutum ɗaya da ɗaurin itacensa.
Gari ya ci wuta. Aka cinye shi tas.

"Kin ja mini!" Ya ture kujera,
ya ci shinkafarsa yana hararar bango.
Bayan cin abinci ya koma.
Ya kashe nasu 'yan dakon, ya kai talatin,
yana ihun murna. Na gani, ba zan ɓoye ba.
Nasa kuwa ya yi musu katanga riɓi biyu.

Da asuba Hyeran ta shigo da warin magani a riga.
"To, Inna, ya dace?"
Na ce, "Ranar da na ba ki wuƙar kifi, shekararki nawa?"
"Tara."
"Ina nake tsaye?"
Ta yi shiru tana kwance igiyar takalmi.
Na ce, "Bar wayar a bango. Kujerar ma bar ta a nan."

Abin da ban gaya mata ba:
cikin dare, fitilun jiragen ruwa na yawo a silin,
ya juyo a shimfiɗa, murya ƙasa-ƙasa,
"Kaka, shi Cilbok ɗin, ya koma gida?"

Na gyara masa bargo.
Na ce, "Yi barci. Gobe akwai makaranta."